Yadda Ake Ceto Dokin da Aka Wulaƙanta a Legas, a Jinyace Shi, a Sama Masa Gida

Duk mai bin hanyar Lekki zuwa Ajah da sassafe ya san su: dawaki a gefen titi, kai a sunkuye, suna tonon bola, haƙarƙari a fili sai ka ƙirga. Yawancinsu daga Arewa aka sauko da su a bayan babbar mota, tafiyar kilomita kusan 1,000 in daga Kano ne, don a riƙa ɗora masu shan iska a bakin teku irin su Elegushi da Oniru, ko don hawan biki da ɗaukar hoto. Masu jan ragamarsu kuwa sau da yawa yaranmu ne. Saboda haka maganar tamu ce, ba mu da wanda za mu miƙa wa.

Legas ba ta yi wa doki daɗi. Damshi ya yi yawa, ruwan sama yana zuba tun daga Afrilu har Oktoba in ka cire ɗan hutun Agusta, fili ya yi tsada, harawa kuma sai an yi mata kuɗin mota daga Arewa. Dokin da zai yi ƙiba a Katsina da ɗan abin da ya samu, a nan wata kaɗan ya ishe shi ya lalace. Abu guda nake so mai niyyar taimako ya riƙe tun daga farko: dokin da yunwa ta cinye, gaggawar mai tausayi tana kashe shi kamar yadda sakacin mai shi yake yi. Kowane mataki da lokacinsa.

Ka fara da ido, kada ka fara da igiya

Tsaya daga gefe ka dube shi da kyau. Yana tsaye da ƙafafunsa huɗu, ko yana ɗage ɗaya? Akwai majina a hanci? Akwai gyambo a gadon baya inda sirdi ke zama, ko a ƙarƙashin ciki inda majayi ke bi? Ka ɗauki hoto da bidiyo ta gaba da baya da gefe biyu, ka rubuta rana da wuri.

Likitocin dabbobi suna auna ramar doki da ma'aunin da Don Henneke ya fitar a 1983 a Amurka, daga 1 zuwa 9. Mai lamba 5 shi ne daidai: ba ka ganin haƙarƙarinsa, amma in ka shafa za ka ji su. Mai lamba 3 ya rame, ƙashin baya ya fara fitowa. Mai lamba 1 ko 2 fata ce kawai a kan ƙashi, ƙugu a tsaye, wuya ya shanye. Daga 2 zuwa ƙasa, ko dokin da ya kwanta ya kasa tashi, a kira likita a ranar.

Sannan ka nemi mai shi. Da wuya ka ga doki a Legas da ba shi da ubangida, ko da kuwa ya kwana bakwai yana yawo. Ka tambayi masu gadi, masu shayi, 'yan acaba, da sauran masu dawaki na bakin teku, don sun san dabbar juna. In ka kwance doki ka tafi da shi ba izini, sunanka ɓarawo a gaban hukuma, komai kyan niyyarka. In an rasa mai shi, hukuncin tsintuwa ya hau kansa: a kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi shaida a rubuce, a sanar da Sarkin Hausawan unguwar da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, a kuma sanar da sashen kula da lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Noma ta jihar da ke Alausa.

Zama da mai doki

Zaluntar dabba laifi ne a dokar ƙasa. Sashe na 495 na kundin Criminal Code ya hana dukanta da azabtar da ita da sa ta aikin da ya fi ƙarfinta. Amma kada ka buɗe baki da doka. Galibin waɗanda dawakinsu suka lalace talauci da rashin sani ne suka kai su, kuma mutumin da ka kunyata a gaban abokan sana'arsa zai ɓoye dokin ne kawai inda ba za ka sake ganinsa ba.

Ka je da dattijon da yake jin nauyinsa. A gaisa sosai, a tambayi gida da kasuwa, sannan a shigo da magana: "Malam, na ga dokin nan naka jikinsa ya yi sanyi. Ko za ka bari likita ya duba mana shi? Kuɗin ba daga aljihunka ba." In babba ne, "Baba, alfarma muka zo nema." Liman ma yana da rawar takawa, don kowa ya san hadisin raƙumin da ya kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) cewa mai shi yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi, aka ce wa mai raƙumin ya ji tsoron Allah game da dabbar da Allah Ya mallaka masa.

Daga wannan zama abu uku ke iya fitowa. Ko dai dokin ya ci gaba da zama a hannun mai shi a taimaka masa da magani da abinci da gyaran sirdi, wanda a ganina shi ya fi in har mutumin yana son dabbarsa. Ko ya sallama shi kyauta. Ko a saya. In saye ne, a biya kuɗin dokin yadda yake a yau, ramamme maras lafiya. Wanda ka cika wa aljihu don tausayi, gobe zai aika a kawo masa wani dokin ya maimaita abin da ya yi. Ko kyauta ko saye, a rubuta takarda: kamannin dokin da launinsa, kili ne ko akawal, tambarin da ke jikinsa, sa hannun mai shi da shaidu biyu. 'Yan sanda su shigo ne in zalunci ya fito fili kuma mai shi ya ƙi jin kowa.

Kada a manta da yaron da ke jan dokin. Abincinsa a bayan dabbar nan yake, kuma shi ya fi kowa sanin halinta. In da hali, a ɗauke shi aikin barga a koya masa.

Lissafi kafin ɗauka

Kafin mota ta tashi, ka tabbatar da wurin ajiya. Ɗaki mai faɗin mita 3.6 kowane gefe, da rufi, da iska, da ƙasa mai tudu wadda ruwa ba ya kwanciya a kai, da ɗan filin da zai miƙe ƙafa. A shimfiɗa dusar katako mai kauri. Farfaɗowa daga yunwa mai tsanani tana cin wata 3 zuwa 5, kofato kuma kusan shekara, doki yana iya kai shekara 25 zuwa 30 a duniya. Ka zauna ka haɗa kuɗin harawa da likita da mai gyaran kofato da albashin ɗan barga na aƙalla wata shida. In ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi asusu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗaukar kanta a yi ta da asuba, kafin rana ta ɗaga, kafin cunkoso ya kama hanya. Mota mai gangaren hawa ake so, ko a ja ta jikin tudu ya shiga a tafe. A zuba yashi ko buhuna a ƙasa don kada ya zame, a sa masa ragama mai laushi, a cire linzami. Direba ya tafi a hankali. Dokin da ya kwanta, likita ya fara ganinsa a inda yake, a mirgina shi kan tamfol mutane su ɗauka. Kada a ja shi ta wutsiya ko ta wuya, kada kuma a yi masa bulala wai ya tashi.

Ranar farko

A ware shi daga sauran dawaki na mako uku, bokitinsa daban, burushinsa daban, mai kula da shi ya wanke hannu da takalmi kafin ya je wurin wasu. Murar dawaki da ta ɓarke a Sakkwato a ƙarshen 2018 ta kashe jakuna masu yawa, kuma irin wannan cuta a jikin dabba ɗaya take shiga gida.

Likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya za ka nema, kuma wanda ya saba da doki, don maganin saniya da na doki ba ɗaya ba ne. Masu kula da dawakin ƙwallon doki a Ikoyi, inda kulob ɗin Polo na Legas da aka kafa a 1904 yake, sun san likitoci da masu gyaran kofato, kuma akwai 'yan Arewa da yawa a cikinsu. Ka tambaye su.

Kai ma ka koyi aunawa, ka riƙa rubutawa a littafi safe da yamma. Zafin jikin lafiyayyen doki digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, ana aunawa ta dubura. Bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, ana ji a ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashi 8 zuwa 16 in yana hutawa. Ka ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa: ya kamata ya zama jaja-jaja mai damshi, kuma launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. In ya yi fari fat jini ya yi ƙaranci, in ya yi rawaya a duba hanta da cutar kaska.

Nauyinsa kuma tef ɗin tela ya isa. Ka auna kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba da santimita, ka auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Ka ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Mai kewaye 150 da tsawo 140 zai ba ka kilo 265. Da wannan lamba ake auna magani da abinci, da ita kuma za ka gane ko yana ci gaba.

Ruwa a fara da kaɗan-kaɗan, lita biyu zuwa huɗu kowane rabin awa har ƙishin ya kwanta, daga nan a bar masa bokiti cike dare da rana. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a yini, a zafin Legas ma ya fi haka. Ka ɗanɗana ruwan da kanka, don rijiyoyin kusa da teku wasu suna da gishiri.

Abinci: nan ne aka fi yin asara

Mutum ya ga dabba ta rame, zuciya ta karye, sai ya cika daro da gero da dusa da masara ya tura mata. Dokin ya cinye tas, kowa ya yi murna. Bayan kwana uku zuwa bakwai sai ya faɗi. A ce ai dama ya riga ya yi nisa, alhali daron nan ne ya ƙarasa shi.

Ga abin da ke faruwa. Jikin da ya daɗe da yunwa ya ƙone kitsensa da namansa, sinadaran da zuciya ke aiki da su, fosforas da fotasiyam da magniziyam, sun yi ƙasa. Da hatsi ya shiga, sukari ya hau a jini, sai jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, da yawa, shi kuma ya kwashe ragowar sinadaran nan daga jini ya tura su cikin tsoka. Zuciya da huhu da ƙoda sai su gaza. Ga shi kuma tumbin doki ƙarami ne, bai wuce lita 15 ba, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga.

Tsarin da likitoci suka fi bi daga binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya fito, an kuma yi shi ne da busasshiyar ciyawar alfalfa, mai yawan gina jiki da ƙarancin sitaci. Mu abin da muke da shi a danginta shi ne harawar wake da ta gyaɗa. Kwana uku na farko, ɗan kaɗan kowane awa huɗu, har cikin dare, sau shida a yini. A binciken kusan rabin kilo ake ba babban doki kowane ci. Namu ba su kai nasu girma ba, don haka daga gram 300 zuwa rabin kilo, gwargwadon abin da likita ya yanke. A sayi ƙaramin sikeli a auna, kada a yi da ido. Daga kwana na huɗu zuwa na goma a riƙa ƙara yawa a hankali ana rage adadin ci, har a koma sau uku, kowane awa takwas. Bayan kwana goma, in kashinsa yana fita daidai, ba zawo, ƙafafu ba su kumbura ba, sai a bar masa harawa haɗe da busasshiyar ciyawa ya ci iya cinsa.

Zai yi ta haniniya yana bin ka da ido, maƙwabta su ce kana horar da shi da yunwa. Ka daure. A kwanakin nan ba gero, ba dawa, ba masara, ba dusa, ba burodi, ba ruwan sukari. Kanwa ma a dakata da ita. Gishirin lasa a shigo da shi a hankali bayan makon farko. Hatsi sai bayan makonni, in likita ya ga da buƙata, a fara da tafin hannu ɗaya.

Idan ya murmure, ma'aunin shi ne busasshen abinci mai kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato mai kilo 300 ya samu kilo shida a yini, galibinsa ciyawa da harawa. Dusar alkama tana da araha a Legas, shi ya sa wasu suka mai da ita abincin doki gaba ɗaya. Tana da fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, in aka daɗe a kanta ƙashi yana yin laushi har fuska ta kumbura. Harawa ce ke daidaita ta.

Harawar kuma a kula da ita. Damshin garin nan yana sa ta fumfuna da wuri, mai fumfuna kuwa tana kawo tari da ciwon ciki. Ka buɗe dami ka sunsuna kafin ka biya, ka jera shi kan katako nesa da bango. A kasuwar dabbobi ta Agege da sauran wuraren raguna ake samu, kuma gab da Babbar Sallah kuɗinta yakan tashi, gara a yi tanadi da wuri. Ɗanyen ɓawon rogo, ciyawar da injin yanka ya tara ta yi zafi, da abincin kaji ko na shanu na kamfani, duk a nisanta su da doki. Wasu abincin kaji suna ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda kaɗan daga cikinsa yake lalata zuciyar doki.

Yashi da leda

Dokin bakin teku yana cin abinci a kan yashi, yashin yana taruwa a hanji. Na bola kuma ya haɗiyi leda. Ka ɗebi kashinsa wanda bai taɓa ƙasa ba, ka dama da ruwa a farar leda, ka rataye. In yashi ya kwanta a ƙasa ka faɗa wa likita. Daga yanzu abincinsa a kwano ko kan tabarmar roba.

Alamun ciwon ciki su ne tonon ƙasa, waiwayen ciki, kwanciya da tashi, birgima, gumi, da rashin kashi. Da ka gani ka janye abinci ka kira likita nan take. Kada a yi masa ɗure da manja ko jiƙo, don yana iya bi ta huhu.

Magungunan da ke kisa

Ramammen doki kusan kullum yana da tsutsar ciki, amma ba a ranar farko ake ba shi magani ba. In tsutsa mai yawa ta mutu lokaci guda tana iya toshe hanji. A bari ya yi kamar mako ɗaya ko biyu yana ci, likita ya duba kashi, ya zaɓi fenbendazole ko ivermectin gwargwadon nauyi. Moxidectin, shi ma maganin tsutsa, yana da haɗari ga dokin da ba kitse a jikinsa.

Kaska a cire da hannu, a duba cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. Amitraz da ake wanke shanu da karnuka da shi guba ne ga doki, yana tsayar da hanji. Allurar sammore ta diminazene da makiyaya ke yi wa shanu ita ma tana iya illata shi. Maganin ciwo irin phenylbutazone a jikin da ruwa ya ƙare yana cin ƙoda da tumbi. Duk waɗannan ana sayar da su a kasuwa ba tambaya, shi ya sa nake kiran sunansu.

Wadda ba a jinkirtawa ita ce allurar tetanus, cutar sarƙewar haƙora. Doki yana cikin dabbobin da ta fi kamawa, ga ƙusa da tsohon ƙarfe ko'ina. Mai rauni a jiki a yi masa ta gaggawa, sannan riga-kafi sau biyu da tazarar mako huɗu zuwa shida.

Gyambo, kofato, haƙori

Gyambon sirdi a aske gashin gefensa, a wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, sau biyu a yini. Zuma mai kyau tana taimakawa, a rufe don ƙuda. Baƙin mai da garin batir da toka ba magani ba ne, ƙona nama suke yi. In ciwon ya yi rami, ko tsutsa ta shiga, ko ka ga ƙuraje a jere suna bin ƙafa suna fashewa da mugunya, aikin likita ne, kuma na ƙarshen nan yana yaɗuwa.

Kofato a Legas laka ce ke cinye shi. Ka ɗaga kowace ƙafa kullum ka sassaƙe dattin. In ka ji wari da baƙin ruwa a tsagin tsakiya, ruɓa ta fara: a wanke da aidin, a tsayar da shi a busasshen wuri. Wanda kofatonsa ya yi tsawo har ya lanƙwashe, a rage shi kaɗan-kaɗan kowane mako shida zuwa takwas. Kofato bai cika tsirowa fiye da santimita ɗaya a wata ba, ba a gyara shi a zama ɗaya.

In yana zubar da dunƙulen abinci daga baki, ko yana ci ba ya ƙiba, a duba turamen haƙoransa. Sukan yi kaifi su yanki kunci, likita yana goge su. Haƙoran gaba kuma su ke faɗin shekaru: na dindindin suna fitowa a shekara biyu da rabi, uku da rabi, huɗu da rabi.

Ƙwarin magariba

Annobar dawaki ta Afirka, wadda likitoci ke taƙaitawa da AHS, ta ɓarke a Legas a 2007. Wasu ƙananan ƙwari ne da ba su kai sauro ba suke yaɗa ta, suna cizo daga faɗuwar rana zuwa hantsi, sun kuma fi yawa da damina. Zazzaɓi, kumburi a ramin saman ido, numfashi da ƙyar, kumfa ta hanci. Ba ta da magani, kuma a dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma. Namu na gida sun fi juriya, amma ramamme ba shi da wannan garkuwar sosai. A shigar da shi ɗaki kafin magariba, a sa raga mai ƙananan ido da aka fesa wa magani, a kunna fanka in da wuta don ƙwarin ba sa iya iska, a kwashe kashi da jiƙaƙƙen juji daga kusa. A tambayi likita batun riga-kafi, in an ga alamun kuma dole a sanar da hukuma.

Dawo masa da yarda

Dokin da ya sha bulala yana ɗage kai in ka ɗaga hannu, yana kwantar da kunne, wani ya yi cizo ko harbi. Tsoro ne. Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, a lokaci ɗaya kullum. Ka zo masa ta kafaɗa kana magana a hankali, don ba ya ganin abin da ke daidai gaban goshinsa ko daidai bayansa. Ka fara shafa wuya, in ya ja baya ka tsaya, in ya saki jiki ka janye hannu ka ba shi hutu. Minti goma sau biyu a yini ya fi awa guda ta kokawa. Yara su tsaya nesa.

Dabaibayi da igiyar leda a daina, ita ce ke yanka ƙafa. Linzamin gargajiya mai zobe a rataye shi har bakin ya warke, in an koma hawa ma a nemi mai sauƙi. Doki ba ya son kaɗaici, bayan kwanakin warewa akuya ko jaki ma abokin zama ne.

Motsa jiki a fara da jan ragama na minti goma da safe. Sirdi ba zai koma ba sai ya kai lamba 4 ko 5 kuma gashi ya rufe tabon baya. Ingarma mai faɗa, in za a yi masa fiɗiya, likita ya yi da allurar barci bayan ya murmure. Goɗiya a duba ko tana da ciki, don wata 11 take ɗauka kuma rama tana ɓoye shi.

Akwai wanda ba zai tashi ba. Wanda ya rasa kusan rabin nauyinsa, ko ƙashin ƙafa ya karye, ko ya kwana biyu a kwance duk da juya shi da ake yi kowane 'yan awanni da tallafa masa ya zauna kan ƙirji. In likita ya ce babu sauran dabara, a bar shi ya hutar da dabbar ta hanyar da ba azaba. Jefar da shi a bakin kwata ya mutu cikin kwanaki shi ne zaluncin. Gawar a binne da zurfi, nesa da rijiya, naman wanda aka yi wa allura kuma ba na ci ba ne ga mutum ko kare.

Sabon gida

Tun yana jinya za a fara cigiya. Masu gona a Epe da Ikorodu da Badagry, makarantun koyon hawa, ko wani mai barga a Arewa inda iska ta fi bushewa kuma harawa take a ƙofar gida. In Arewa zai koma, sai ya yi ƙarfin tafiyar, da takardar lafiya da izinin ɗauka daga likitan gwamnati, a kuma riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. In gonar kusa da kurmi take, a tambayi likitan yankin game da ƙudan tsando.

Kada a yi cinikin ta waya. Ka taka ka je. Ka dubi dabbobin da mutumin yake da su, don yadda ka same su haka naka zai koma. Ina ruwa, ina inuwa, wa ke ba da abinci in maigida ya yi tafiya, wane likita suke kira? Ka faɗa masa gaskiyar dokin duka: shekarunsa, ɗingishinsa, abin da ke firgita shi. Wani dokin ya gama aiki har abada, sai dai kiwo. Wanda zai koma hawa, mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, mai kilo 300 ke nan ya ɗauki kilo 60, ba hawa da tsakar rana, ba sukuwa a kan kwalta.

Shawarata a ba da shi amana, mallaka ta zauna a hannun waɗanda suka ceto shi. Dalili kuwa, dokin da ya yi ƙiba ya zama kuɗi, kuma akwai kasuwanni a kudu maso gabas, irin ta Obollo-Afor a Jihar Inugu, inda ake yanka dawaki. Mai neman doki kyauta da zaƙin baki, wanda bai tambayi abin da yake ci ba, a yi hattara da shi. A rubuta yarjejeniya a gaban Sarkin Hausawa ko mai unguwa ko liman: ba sayarwa, ba bayarwa aro, ba mayarwa haya bakin teku, kuma in riƙo ya gagara a dawo da shi ba tare da jin kunya ba. A haɗa da hotunansa na ɓangare huɗu da littafin jinyarsa, in likita yana da ƙwayar shaida ta na'ura da ake sawa a cikin wuya a sa masa. A ba sabon mai riƙo abincin mako biyu irin wanda ya saba, don canji farat ɗaya yana kawo ciwon ciki.

Ziyara ta farko bayan mako biyu, sannan wata-wata har wata shida, wani zuwan ba sanarwa. Ka tafi da tef ɗinka ka auna ƙirji, ka ɗaga kofato, ka shafa gadon baya, ka leƙa bokitin ruwa. In nesa ne, a turo bidiyo ta WhatsApp yana tafiya, wani amintacce a garin kuma ya riƙa leƙawa. In awo ya ragu sau biyu a jere ko sabon gyambo ya fito, a zauna da mai riƙo a ji dalili, a ba shi wata guda ya gyara. In bai gyara ba a ɗauko dokin, don haka kada a taɓa kuɗin motar dawowa da ke asusu, ɗakin jinyar kuma a bar shi a share har shekara ta zagayo.